Yadda Za Ka Lissafa Nisan Jirgi da Nisan Mota Tsakanin Filin Jirgin Saman Kano da na Abuja

Duk wanda ya shiga intanet ya tambayi nisan da ke tsakanin Kano da Abuja zai ci karo da amsoshi da suka sha bamban. Wani shafi zai ce kilomita 364, wani ya ce mil 226, wani ya ce 197, wani kuma ya ba da adadin da ya haura kilomita 400. Galibi babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da kowa ya auna ne daban, kuma matafiyin da bai san wannan ba zai iya ɗora shirin tafiyarsa a kan adadin da ba shi yake bukata ba. Manufar wannan bayani ita ce mai karatu ya iya fitar da nisan sama da hannunsa, ya fitar da nisan ƙasa, sannan ya mayar da su biyun zuwa abin da ya fi damun mai tafiya, wato sa'o'in da zai ɓata daga ƙofar gidansa zuwa ƙofar inda zai sauka.

Fara da tantance wuraren biyu

Kafin kowane lissafi, sai ka tsayar da inda awo zai fara da inda zai ƙare, domin "Kano" da "Abuja" sunayen birane ne masu faɗi, kuma shafuka da yawa daga tsakiyar gari suke aunawa. A nan muna magana ne a kan filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wanda ya fi kowane filin jirgi tsufa a Najeriya, da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Kowane filin jirgi yana da lamba mai haruffa uku wadda kamfanonin jirage ke bugawa a tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jaka. Ta Kano ita ce KAN, ta Abuja ABV, ta Kaduna kuma KAD. Da waɗannan haruffa ya kamata ka yi bincike, amma ka kula sosai, domin mutane sun saba taƙaita Abuja da "Abj" a saƙon waya, alhali kuwa ABJ lambar filin jirgin Abijan ce ta ƙasar Kodebuwa. Wanda ya rubuta KAN da ABJ zai ga nisan da ya haura kilomita 1,500, kuma idan tikiti yake saya, kuskuren ya wuce na lissafi. Haka nan KNO ba ta Kano ba ce, ta wani filin jirgi ce a Indunusiya.

Nisan sama

Abin da ake kira nisan jirgi shi ne tazara mafi gajarta tsakanin wurare biyu a bisa doron duniya. Idan ka ɗauki lemo ka sa masa ɗigo biyu, ka miƙe zare tsakaninsu ka ja shi ya ɗame, tsawon zaren shi ne wannan nisa. Hanya mafi sauƙi ta samunsa ita ce Google Maps: ka nemo filin jirgin Kano, ka danna yatsa a kan titin saukar jirage ka riƙe har jar alama ta fito, ka zaɓi wurin auna tazara, sannan ka ja taswirar kudu har alamar ta biyu ta sauka a kan filin jirgin Abuja. Adadin da zai bayyana a ƙasan allon zai kusanci kilomita 364.

Amma ina ganin yana da kyau mutum ya san yadda adadin yake fitowa, domin wanda ya iya lissafin ba zai karɓi duk abin da wani shafi ya ba shi ido rufe ba. Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu na digiri, ɗaya tana nuna nisansa arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu, ɗayar kuma tana nuna nisansa gabas ko yamma daga layin da ya ratsa ta Girinwic a Ingila. Filin jirgin Kano yana kan digiri 12.05 arewa da 8.52 gabas, na Abuja kuma yana kan 9.01 arewa da 7.26 gabas. Idan ka ɗebe ƙaramar lamba daga babba, bambancin arewa da kudu ya zama digiri 3.04, na gabas da yamma kuma 1.26. Kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, an kuma kasa shi digiri 360, saboda haka kowane digiri ɗaya na arewa da kudu yana daidai da kusan kilomita 111. Digirin gabas da yamma kuwa yana ƙara tsukewa yayin da ake matsawa arewa, kuma a tsakanin Kano da Abuja ya kama kusan kilomita 109. Sai ka ninka 3.04 sau 111 ka samu 337, ka ninka 1.26 sau 109 ka samu 137. Ma'ana, filin jirgin Abuja yana kudu da na Kano da kilomita 337, yana kuma yamma da shi da kilomita 137. Abin da ya rage shi ne ka ninka kowanne da kansa, 337 sau 337 ya ba da 113,569, 137 sau 137 ya ba da 18,769, ka haɗa su ka samu 132,338, sannan ka danna alamar √ a kalkuletar wayarka. Amsar ita ce kusan 364.

Daga nan sauran alkaluman da suka rikita mutane sun fito fili. Mil na ƙasa ɗaya kilomita 1.609 ne, shi ya sa 364 ya koma mil 226. Matuƙa jirgi kuwa da mil na teku suke aiki, wanda yake kilomita 1.852, shi ya sa suke cewa 197. Nisa ɗaya ne aka faɗa da ma'auni uku.

Sai dai jirgi ba ya bin wannan miƙaƙƙen layi sak. Yana tashi ne ta fuskar da iska ta ba shi dama, ya karkata ya hau hanyar da masu kula da zirga-zirgar jirage suka shata masa, kuma kafin ya sauka sai ya zagayo ya daidaita da titin sauka, wani lokaci ma a sa shi ya yi shawagi yana jiran layi. A gajeriyar tafiya irin wannan ƙarin ba shi da yawa, amma a doguwar tafiya yana iya zama babba. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, kuma layin ya ratsa ta Cadi da Sudan, to da aka rufe sararin samaniyar Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo duk da cewa biranen biyu suna nan inda suke.

Nisan ƙasa

Hanyar mota ita ce babbar hanyar A2, wadda ta taso daga Kano ta bi ta Zariya da Kaduna ta shiga Babban Birnin Tarayya ta Zuba. A takardun aikin sake gina ta an kasa ta uku: Kano zuwa Zariya kusan kilomita 137, Zariya zuwa Kaduna kusan 73, Kaduna zuwa Zuba kusan 165, jimilla kilomita 375. Wannan adadi shi ne ƙashin bayan lissafinka, amma bai kai ka filin jirgi ko ɗaya ba. A ɓangaren Kano sai ka ƙara tazarar ratsa gari daga filin jirgi, wanda ke arewacin birni, zuwa Na'ibawa inda titin Zariya ke fita. A ɓangaren Abuja kuma, mai zuwa filin jirgi ba ya bin titin Kubwa daga Zuba, yana miƙewa ne kudu kamar mai zuwa Gwagwalada, ya karya hagu a mahaɗar Giri, ya wuce Jami'ar Abuja, sannan ya isa kwanar filin jirgi. Idan aka haɗa waɗannan guntaye biyu da 375, nisan daga filin jirgi zuwa filin jirgi yana faɗawa tsakanin kilomita 410 da 430, gwargwadon titin da ka bi a cikin Kano da kuma yadda ka ratsa Kaduna. Za mu ɗauki 420 a matsayin adadin aiki. Idan kana son tabbatarwa da kanka, ka mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya na motarka sifiri a bakin ƙofar filin jirgin Kano, ka duba shi idan ka isa.

Abin lura a nan shi ne yadda alkaluman biyu suke kusa da juna. Kilomita 420 bai ɗara 364 da fiye da kusan kashi 15 cikin ɗari ba, kuma dalili shi ne ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba wani babban dutse ko tafki da ya tilasta wa hanyar yin dogon zagaye, garuruwan Zariya da Kaduna ma ba su kauce wa miƙaƙƙen layin da yawa ba. Saboda haka nisa kaɗai ba zai raba maka gardama tsakanin jirgi da mota a wannan tafiya ba. Lokaci ne zai raba, kuma a nan ne akasarin mutane ke yin lissafin son rai.

Mayar da nisa zuwa lokaci

A ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, iyakar gudun ƙaramar motar gida a babbar hanya mai tagwayen hannu shi ne kilomita 100 a sa'a, na tasi da bas kuma 90. Wanda ya raba 420 da 100 zai samu sa'o'i huɗu da 'yan mintoci, kuma irin wannan adadin ne manhajar taswira kan yi kusa da shi idan an tambaye ta da tsakar dare. Ba na ba kowa shawarar ya tsara tafiya a kansa. Abin da ya kamata ka raba nisan da shi shi ne matsakaicin gudu na tafiyar baki ɗaya, wanda ya haɗa da duk inda ka sassauta da duk inda ka tsaya cak, kuma a wannan hanya wuraren suna da yawa: Kura, Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Kwangila a Zariya, Jaji, Maraban Jos, ratsa Kaduna daga Kawo zuwa Gonin Gora, sannan Tafa, mahaɗar Dikko, Suleja, Madalla da Zuba. A Maraban Jos da Tafa za ka tarar da tireloli da tankokin mai jere a gefen titi, wani lokaci har sun ci rabin hannu, yara masu talla suna ratsawa tsakanin motoci da farantan gyaɗa da ruwan leda, mai babur kuma yana tahowa ta hannun da ba nasa ba. Direba mai hankali ba zai wuce irin wannan wuri da gudun 100 ba. Ga shingayen jami'an tsaro, ga tsayawa shan mai, ga salla da cin abinci. Idan matsakaicin gudunka ya kama 70, tafiyar sa'o'i shida ce cif. Idan ya sauka zuwa 60, bakwai ce.

Aikin hanyar ma yana shiga lissafi. An ba da kwangilar sake gina ta a ƙarshen 2017, kuma sashen Kaduna zuwa Abuja ne ya fi jan ƙafa. Duk inda aka rufe hannu ɗaya aka haɗe motoci masu zuwa da masu dawowa a ɗayan, gudu yana raguwa, haɗarin taho-mu-gama yana ƙaruwa, kuma babbar mota guda da ta lalace tana iya tsare hanya na sa'o'i. Hanya mafi inganci ta sanin halin da ake ciki ita ce tambayar direban da ya bi hanyar jiya ko shekaranjiya, domin direbobin tasha sun fi kowace manhaja sanin inda aka karkatar da motoci a wannan mako. Idan motar haya za ka shiga daga Unguwa Uku ko Na'ibawa, ka ƙara lokacin jiran mota ta cika, wanda da sassafe ba ya daɗewa amma da hantsi yana iya cin sa'a guda ko fiye.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da kilomita. Sashen da ke tsakanin Kaduna da Tafa, musamman wajen Rijana da Katari, ya yi ƙaurin suna da satar mutane na tsawon shekaru. Ko an samu sauƙi ko ba a samu ba a lokacin da kake karanta wannan, ka tsara tafiyarka yadda za ka ratsa wannan sashe da rana tsaka. Ga mai tasowa daga Kano, fita bayan sallar asuba tana nufin ka wuce Kaduna kafin azahar, ka shiga Zuba da sauran rana. Fita bayan azahar kuwa tana nufin magariba za ta riske ka a daji. Ka kuma ajiye lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, wato 122, a wayarka.

Lissafin jirgi shi ma yana da nasa tarko. Jirgin fasinja na zamani yana gudun kusan kilomita 800 a sa'a idan ya kai ƙololuwar tafiyarsa, kuma 364 a raba da 800 bai kai rabin sa'a ba. Amma a gajeriyar tafiya jirgi bai gama hawa ba zai fara shirin sauka, kuma lokacin da kamfani ke rubutawa a tikiti ya haɗa da tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa kafin tashi da bayan sauka, shi ya sa ake rubuta kusan sa'a guda. Yanzu sai ka ɗora sauran: rabin sa'a daga gida zuwa filin jirgin Kano, sa'a ɗaya da rabi ta awon kaya da bincike da jiran kira, sa'a gudar tafiya, kusan rabin sa'a ta jiran jaka da fitowa, sannan kusan sa'a guda ta shiga gari, domin filin jirgin Abuja ya haura kilomita 30 daga tsakiyar birni. Jimilla sa'o'i huɗu da rabi ke nan idan komai ya tafi daidai. Ribar jirgi a kan mota, daga ƙofa zuwa ƙofa, ta koma sa'a ɗaya da rabi zuwa sa'o'i biyu da rabi, ba biyar da mutum ke zato ba idan ya kwatanta sa'a ɗaya da shida.

Wannan riba kuma jinkiri guda yana iya cinye ta. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana rufe Kano har matuƙi ba ya iya hangen titin sauka yadda ƙa'ida ta tanada, a ɗage tashi ko a soke shi gaba ɗaya. Da damina kuma hadari da guguwa sun fi tasowa da yamma. Shi ya sa jirgin safe ya fi zama abin dogaro, ga shi kuma jinkirin da jirgi ya kwaso daga wasu garuruwa bai riga ya taru a kansa ba. Idan an jinkirta ka, dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya sun ba fasinjan cikin gida haƙƙin abin taɓawa bayan sa'o'i biyu, da haƙƙin neman a mayar masa da kuɗinsa idan jinkirin ya wuce sa'o'i uku. Sanin wannan yana da amfani, amma kuɗin da aka mayar maka da la'asar ba zai kai ka Abuja ba, domin lokacin kama hanyar mota ya riga ya wuce. Wanda ke da jarrabawar ɗaukar aiki ko ganawa a ofishin jakadanci da safe, ya tafi tun ana gobe.

Inda za ka sauka a Abuja yana sauya lissafin

Filayen jirgin biyu ba zaman iri ɗaya suke yi da biranensu ba. Na Kano gari ya riga ya kewaye shi, daga Sabon Gari ko Fagge 'yan mintoci ne. Na Abuja kuwa yana can kudu maso yammacin birni, yayin da hanyar mota daga Kano ke shigowa ta arewa maso yamma. Saboda haka nisan filin jirgi zuwa filin jirgi ba shi ne nisan tafiyarka ba sai idan wani jirgin za ka kama. Mai zuwa Lugbe ko Gwagwalada, filin jirgi a ƙofarsa yake, jirgi ya yi masa rana. Mai zuwa Kubwa, Dei-Dei ko Gwarimpa, motar Kano za ta karya daga Zuba ta ajiye shi kusan a unguwarsa. Mai zuwa Suleja ko Madalla kuwa, idan ya hau jirgi ya wuce inda za shi ke nan, sai ya sake ɗaukar mota ya dawo arewa, alhali motar Kano ta gabansu take wucewa kafin ta kai Zuba. Don haka a manhajar taswira ka auna abu biyu daban: daga gidanka zuwa ainihin adireshin da za ka ta mota, sannan daga filin jirgin Abuja zuwa wannan adireshi, kuma ka duba na biyun a irin lokacin da jirginka zai sauka, domin titin filin jirgi da ƙarfe bakwai na safe ba ɗaya yake da na tsakar rana ba.

Batun kuɗi ba ya bukatar dogon bayani, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Motar da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100 za ta sha kusan lita 42 a zuwa, 84 zuwa da dawowa. Ka ninka da farashin mai na ranar, ka raba da yawan mutanen da ke cikin motar, ka kwatanta da kuɗin tikiti haɗe da na tasi a ɓangarorin biyu da na kayan da suka wuce nauyin da aka yarje. Mutum ɗaya mai ƙaramar jaka da iyali mai mutum biyar da buhun tsaraba ba za su samu amsa ɗaya ba. Ga mai tambaya saboda sallar kasaru, nisan da mazhabar Malikiyya ta gindaya mil 48 ne, wanda ake ƙiyastawa da kusan kilomita 80, kuma wannan tafiya ta ninka shi sau da dama ta sama ko ta ƙasa.

Akwai hanya ta uku da ta haɗa mota da jirgin ƙasa. Layin dogo na zamani tsakanin Rigasa a Kaduna da Idu a Abuja, wanda aka buɗe a 2016, tsawonsa kilomita 186 ne, yana kuma tsayawa a Kubwa. Mai bin wannan tsari zai yi kusan kilomita 210 a mota daga Kano zuwa Kaduna, ya ƙara tazarar shiga Rigasa, sannan jirgin ƙasa ya ɗauke masa sashen da ya fi wahala, kuma daga Idu akwai ƙaramin jirgin ƙasa na cikin Abuja da ke zuwa filin jirgin sama. Wannan layi ya taimaka wajen jigilar fasinjoji a 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida domin gyaran titin sauka aka mayar da jirage Kaduna. Shi ma bai tsira daga matsalar tsaro ba, domin an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022, bai kuma dawo aiki ba sai a watan Disamba na shekarar. Sharaɗin bin sa shi ne ka mallaki tikiti kafin ka baro Kano, ka kuma bar wa kanka rarar aƙalla sa'a guda, tunda jirgin ƙasa ba ya jiran wanda cunkoson Kawo ya tsare.

Wannan tsarin lissafi yana aiki ga kowane filayen jirgi biyu da ke yankinmu, abin da ke sauyawa kawai shi ne lambobin digiri. Filin jirgin Maiduguri, alal misali, yana kan kusan digiri 11.86 arewa da 13.08 gabas. Bambancinsa da na Abuja ya zama 2.85 da 5.82, wato kilomita 316 da 634, kuma idan ka bi matakan da muka bi a sama za ka samu kusan kilomita 708. Hanyar mota tsakaninsu ta haura kilomita 800, tafiyar yini guda cur, alhali sa'o'i uku da rabin da ake ɓatawa wajen zuwa filin jirgi da jira da fitowa ba su ƙaru ba, abin da ya ƙaru a jirgin bai wuce rabin sa'a ba. A can jirgi yana rage wa matafiyi fiye da rabin yini. Tsakanin Kaduna da Abuja kuwa, inda hanyar ba ta kai kilomita 200 ba, waɗannan sa'o'i uku da rabi kaɗai sun isa mota ko jirgin ƙasa su kai ka inda za ka.